Ɗinkin Littafi da Hannu da Adana Takardunmu

A garuruwanmu da ƙauyukanmu akwai littattafan gado da rajistoci masu yawa da gara, danshi da ɓeraye ke cinyewa a kowace damina. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan ɗinkin littafi da hannu, aikin da mutum zai iya koya a lokacin hutunsa, musamman da rani bayan an kammala aikin gona.

Malamanmu na da ba sa ɗinke littattafansu. Sukan jera warƙoƙin a tsakanin tadarishi, su ɗaure da tsirkiyar fata, sannan su sa a gafaka. Domin kada tsarin ya rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gama. Dukawa ne ke yin tadarishi da gafaka, da fatar da majema suka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, inda masu ɗinkin littafi suka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta Arewacin Afirka fatake ke bi da ita.

Mai son ɗinka sabon littafi zai tanadi takarda, kwali, basilla, zare mai ƙarfi, gam da ƙyalle ko fata. Zai naɗe takarda huɗu ko biyar a tsakiya, ɗaya cikin ɗaya, ya huda wuri huɗu a kan naɗin, ya ɗinke, yana sarƙa kowane kashi da na bayansa. A goga wa zaren kakin zuma domin kada ya tsinke. Daga nan sai a manna ƙyalle a bayan littafin, a yanko kwali biyu da suka ɗan fi shafukan girma, a lulluɓe su, a bar tazara a tsakaninsu gwargwadon kaurin littafin domin ya buɗe sosai. A danne shi da abu mai nauyi ya kwana. Zanen da za a yi a bango kuwa, wannan ya rage ga gwanintar mai aikin.

Sai dai muna jan hankalin jama'a cewa wannan hanya ta sababbin takardu ce kawai. Kada a huda tsohon rubutun hannu, kada kuma a manna masa salatif, domin yakan bar tabo, ya ɗebe tawada idan an zo cire shi. Wanda nasa ya fara ruɓewa ya nemi shawarar masana a wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Haka kuma muna kira ga ma'aikatan ƙananan hukumomi da magatakardan hakimai da su cire ƙarafan maƙala takarda daga rajistocin haihuwa da na gonaki, tun da tsatsa na cin takarda. A ɗinke su da zare, a ajiye a kan kanta, nesa da ƙasa da jikin bango.