Zangon Kaka A Jami'a: Inda Babu Mai Kaɗa Ƙararrawa

'Yan'uwana mata, a wannan mako za mu leƙa Amurka, mu ga yadda ɗaliba takan fara sabuwar shekarar karatu a jami'a. Yawancin jami'o'in can sun raba shekara zango biyu. Na farkon shi ake kira zangon kaka, domin yakan kama daga ƙarshen Agusta, lokacin da zafi ya fara ja da baya, har tsakiyar Disamba, watau kamar mako 15. Mata kuwa ba 'yan rakiya ba ne a wurin, tun wajen 1980 suka fi maza yawa a jami'o'in ƙasar. 'Ya'yanmu ma suna ciki, don a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban Nijeriya da ke can sun haura 20,000.

To, mu ɗauki yarinya 'yar shekara 18 wadda ta fito daga makarantar kwana. Shekara shida ƙararrawa ce ke tashe ta, ita ke kai ta aji, ita ke kiranta cin abinci. Ranar da ta sauka jami'a sai a miƙa mata makulli, a haɗa ta ɗaki ɗaya da wata ɗalibar da ba ta taɓa gani ba. A yi 'yan kwanaki ana zagayawa da sababbin zuwa, ga laburare, ga asibiti, ga ɗakin cin abinci. Daga nan shi ke nan, an sallame ta. Ko ta yi barci har azahar, babu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Abu na farko da ke gabanta shi ne zaɓen darussa, ita da kanta, tare da shawarar wani malami da aka haɗa ta da shi. Da awa ake lissafi. Darasin da ake shiga sau uku a mako, awa ɗaya ɗaya, awa uku ke nan. Wadda ba ta ɗauki awa 12 ba, ba a lissafa ta cikin cikakkun ɗalibai, baƙuwa kuwa mai bizar karatu doka ce ta wajabta mata cika su. Digiri na farko yawanci awa 120 ne, saboda haka mai son gamawa cikin shekara huɗu sai ta ɗauki 15 kowane zango.

A nan tarkon yake. Yarinyar da ta saba zaman aji tun safe har ƙarfe biyu, in ta ga awa 15 kacal a mako sai ta ce ai wannan hutu ne. Alhali kuwa ƙa'idar ita ce kowace awa guda ta aji tana da awa biyu na karatu a waje. Ku lissafa: 15 a aji, 30 a laburare ko a ɗaki, awa 45 ke nan, har sun fi na ma'aikacin ofis. Waɗannan 30 ɗin kuwa babu mai tsare ta a kansu.

Ranar farko kowane malami yakan ba da takarda mai ɗauke da tsarin darasinsa duka: littattafan da za a karanta, da ranar miƙa kowane aiki, da ranar kowane gwaji, da yadda za a raba maki. Ba lalle ne ya sake tuna wa kowa ba. Maki kuwa tun makonnin farko ake tara shi, jarrabawar Disamba wani kaso ne kawai. Mai wayo takan zauna a daren nan ta kwashe ranakun duka ta rubuta a kalanda. Har ila yau, cikin mako ɗaya ko biyu na farko an yarda ɗaliba ta sauya darasin da ya fi ƙarfinta ba tare da ya ɓata mata sakamako ba. In ta bari wa'adin ya wuce, sai ta ɗauki kayanta.

Cikin Oktoba ganyen itatuwa kan rikiɗe ja da rawaya, gwanin sha'awa, amma a lokacin ne ake jarrabawar tsakiyar zango. A nan ake gane wadda ta kama fara da sanyin safiya. Sakamako da haruffa ake ba da shi: A maki huɗu, B uku, C biyu. Wadda matsakaicin makinta ya gaza biyu, yawanci akan ja mata kunne, in ba ta gyara ba a sallame ta. Mai tallafin karatu kuwa tana iya rasa shi tun kafin a kai nan, wahalar iyaye ta tashi a banza.

Sa'an nan ga sanyi. Ran Lahadin farko ta Nuwamba akan mayar da agogo baya da awa guda, a gari kamar Shikago rana kan faɗi tun kafin ƙarfe biyar. Ran Alhamis ta huɗu ta watan akan yi bikin godiya, 'yan ƙasa su watse gidajen iyayensu, a bar baƙuwa ita da kewar gida da marmarin tuwo. Maganin shi ne ta buɗe baki. Kowane malami yana da awoyin da ya keɓe a mako domin masu tambaya, akwai ofishin kula da ɗalibai baƙi, akwai ƙungiyoyin ɗalibai. Mun horar da 'ya'yanmu da kunyar manya, abu ne mai kyau, amma a can wadda ta yi shiru ana ɗauka ta gane. Matambayi ba ya ɓata.

Jami'o'inmu na gida ma zango biyu suke yi, kuma su ma suna tara maki tun kafin jarrabawa. Saboda haka iyaye mata, tun yanzu ku riƙa barin yarinya ta tashi da kanta, ta tsara lokacin karatunta, ta riƙe 'yan kuɗinta na mako, kuna lura daga nesa. Ku kuma 'yammata, ku gwada a hutun da ke tafe: kowace ta ware awa biyu kullum ta yi karatu ba tare da an ce ta yi ba. Allah Ya ba da sa'a, amin.