Ƙwaro Ma Yana Da Dogarai A Jikinsa

Uwargida ta fere doya ta ajiye, kafin ta hura wuta sai ta tarar fuskar doyar ta yi duhu. Dukanmu mun saba ganin haka. Abin da ya rina ta wani sinadari ne mai hanzarta aiki, wanda masana suke kira enzayim. Ashe ɗan'uwan wannan sinadari yana cikin jinin sauro da ƙudan tsando, aikinsa a can kuwa yaƙi ne.

Sa'ad da ƙwayar cuta ta shiga jikin ƙwaro, ƙwayoyin jininsa sukan yi mata taron dangi. In ƙarama ce su haɗiye ta, in babba ce su kewaye ta. Sa'an nan enzayim ɗin ya farka, ya lulluɓe baƙuwar da baƙin ɓawo har ta mutu a ciki. A 1986 masu bincike a Amurka suka ware wani irin sauro wanda yake kashe ƙwayar zazzaɓi ta wannan hanya.

Mu a Kaduna zancen bai yi mana nisa ba. A titin Surame, cikin Unguwar Rimi, akwai cibiyar binciken ciwon barci da sammore. An kafa ta a 1947 domin Afirka ta Yamma, a 1964 ta ɗauki sunan Nijeriya. Tsando ne abin nazarinta, gama shi yake sa wa mutum ciwon barci, ya kuma ramar da shanu.

Shi tsando a hanjinsa ake yawancin yaƙin, nan ne ƙwayoyin da ya sha tare da jini sukan hallaka. Saboda haka cikin tsando 100 na daji, da wuya a sami 1 mai ƙwayar ciwon barci a yawunsa. Amma sabon ƙyanƙyasa, da wanda yunwa ta galabaitar, tsaronsu ba ƙarfi. Wanda cutar ta kama kuwa, zai yi ta rarraba ta har ya mutu.

To, wannan ɗayan ya isa ya kwantar da mai gida. Mu lura da yaranmu masu kiwo da wanka a bakin rafi. In muka ga zazzaɓi mai komowa, da kumburi a bayan wuya, da yawan barci da rana, kada mu jira. Sai asibiti.