*ƊINKIN DODON KUNNE: WA AIKIN ZAI YI WA KYAU?*



Idan kai ko wani a gidanka na fama da kunne mai zubar da mugunya wata da watanni, sau da yawa dodon kunnen ne ya huje. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro na iya cewa a yi tiyata. Zai ɗauko 'yar tantani daga gefen kai, saman kunne, ko ɗan guringuntsi, ya toshe hujin da ita. Likitocin Jamus biyu, Wullstein da Zöllner, su suka daidaita wannan aiki a shekarun 1950.

Kafin ka amince, ka sani abu biyu ake nema: hujin ya rufe, ji kuma ya ƙaru. Na farko yakan samu ga mafi yawan mutane. Na biyun ne ba a yi wa alkawari. Idan ciwon ya cinye ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayan dodon kunne, ko jijiyar ji ta taɓu, ɗinkin zai kama amma jin ba zai dawo yadda yake ba. Shi ya sa ake gwajin ji tun kafin aiki. Kar ka tsallake shi don tsoron kuɗi.

Likita yana duba ko kunnen ya bushe ko yana tsiyaya, girman hujin, da lafiyar bututun da ya haɗa kunne da bayan hanci. Idan bututun nan a toshe yake saboda mura da ba ta jin magani, ɗinkin na iya sake ɓallewa. Haka ma idan an taɓa yin aikin bai yi ba. A 1994 wani likita mai suna Kartush ya tsara ma'aunin da ake ba irin waɗannan abubuwa maki, daga baya aka ƙara shan taba a ciki. To maigida mai sigari, ka ji.

Abu ɗaya da za mu ja kunne a kai, duk da darajar man zaitun da habbatus sauda a wajenmu: kunnen da ya huje ba a ɗiga masa mai, ko ruwan tafarnuwa, ko ruwan albasa. Kai tsaye suke shiga ciki, su hana shi bushewa.

Bayan aiki, a wankan janaba ka toshe kunnen da auduga mai ɗan Vaseline. Wajen alwala ka shafi bayan kunne da ɗan danshi kawai, kuma ka fyace a hankali, don fyacewa da ƙarfi na iya ture ɗinkin. Mai niyyar Umra ya faɗa wa likita ranar tafiya tun kafin a sa ranar tiyata, saboda hawa jirgi.

Idan mugunyar na wari sosai, ko akwai jiri, ko baki ya karkace, kar a jira. A tafi asibiti ranar, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ga wanda ke kusa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.