Kafin Instagram, Siyasa Ta Shiga Rumfar Yadi

Kai mai tallan shadda a Instagram, ka san masu sana'ar tufafi sun taɓa shan wuya kan siyasa? A zamanin Turawa, da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, teloli da ƙananan 'yan kasuwa da yawa sun rungume ta. Amma En'e ce ke riƙe da haraji, kotun alƙali da Kasuwar Kurmi, kuma tana bayan NPC. A 1953 sai ga 'Yan Mahaukata, masu dukan 'yan NEPU. Ka ga kuwa, telan da ya ce "Sawaba" abincinsa ya sa a caca. Kai fa, wa ke riƙe da rumfarka yau?