Kitso da hunturu: yadda ake hana gashi bushewa

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga gabas maso arewa. Tana ratsa duwatsun Adar, ta sauko cikin kwarin Majiya ɗauke da ƙura. A Karofan da ƙauyukan da ke kewaye, har zuwa Buza, Keita da Madawa, kowa ya san aikinta. Leɓe ya tsage, kaushi ya fito a ƙafa, fata ta yi furu-furu. Gashin kai ma yana shan wannan wahala. Sai dai shi ba ya ciwo, shi ya sa ba a lura da wuri. Sai ranar tsifa mace ta ga mataji ya cika da guntayen gashi, ta ce baki ne ya kama ta. Sau da yawa ba baki ba ne. Ƙishirwa ce ta kama gashin.

Mi ya sa gashi yake bushewa?

A kan mutum akwai silin gashi wajen 100.000. Kowane sili yana da saiwa a cikin fata. Kusa da saiwar akwai ɗan wurin da yake fitar da maiƙo. Wannan maiƙo shi ne man da jiki ya tanadar wa gashi. Idan gashi miƙaƙƙe ne, maiƙon yana gangarawa har baki ba wuya. Gashin baƙar fata kuwa a murɗe yake, lanƙwasa bisa lanƙwasa. Maiƙon yana tsayawa a gindi, bakin gashi ya zauna a bushe. Kowace lanƙwasa kuma wuri ne mai saurin karyewa, kamar gaɓar kara.

Gashi yana ƙaruwa da wajen santimeta 1 a wata. Wannan haka yake ga mai kuɗi da talaka. Macen da ta ce gashinta ya ƙi tsawo, yawanci yana fitowa daga gindi, amma yana karyewa daga baki. Abin da ya shigo ta ƙofa yana fita ta taga.

Ruwa tukuna, sannan mai

Ga kuskuren da ya fi yawa. Mace ta ga kanta ya bushe, sai ta ɗebo mai ta lafta. Gobe ta ƙara. Jibi ta ƙara. Kai ya yi ta ƙyalli, ƙura ta manne, gashi kuwa yana nan a bushe ta ciki. Dalili shi ne mai ba ya jiƙa gashi. Ruwa ne yake jiƙa shi. Aikin mai shi ne ya tsare ruwan kada ya fita da wuri, kamar faifan da ake rufe tulu da shi. Wanda ya rufe tulun da ba ruwa a ciki bai tanadi komi ba.

Saboda haka a fara da ruwa. Ba sai da yawa ba, domin an san wahalar ɗibar ruwa a rijiyoyin Adar. Rabin ludayi ya isa. A jiƙa hannu, a bi layin kitso ana dannawa a hankali, har gashi ya yi laushi. Sannan a ɗauki mai kaɗan, misalin ƙwayar gyaɗa biyu ko uku, a murza a tafin hannu ya narke, a bi kitson da shi. A fi ba bakin kitso ƙarfi, domin shi ne tsohon gashi, shi ya fi jin jiki. Da hunturu a yi haka duk bayan kwana 2 ko 3. Da damina, lokacin da iska take da laima, sau ɗaya a mako ya wadatar.

Wane mai? Man kaɗe yana da kyau ƙwarai. Itacen kaɗanya ba ya son ƙasa mai ƙarancin ruwa irin ta Adar, don haka daga kudu ake kawo man, yana da ɗan tsada. Man gyaɗa mai tsabta yana yi. Man aduwa ma yana yi, ga itacen nan ko'ina cikin daji. Man shanu iyaye da kakanni sun daɗe suna shafawa, kuma yana tausasa gashi. Aibinsa ɗaya: idan ya daɗe a kai yana sauya wari. Mai shafa shi sai ta riƙa wanke kai a kan kari. Basilin yana tsare ruwa sosai, amma yana kama ƙura, kuma yana da wuyar fita wajen wanki.

Yanzu ana yawan jin labarin shebe na matan Cadi a cikin wayar salula. Gari ne da ake kwaɓawa da mai a shafa a jikin gashi, a kitse. Ba ya sa saiwa ta ƙara sauri. Abin da yake yi shi ne rage karyewa. Wadda ba ta da kuɗinsa ba ta yi asarar komi ba, in dai ta riƙe ruwa da mai.

Wankin kai

Garin sabulun wanki, irin su Omo, an yi shi ne don tufafi. Yana kwashe maiƙon kai kakaf, ya bar gashi kamar tsintsiya. Toka da kanwa ma suna da kaifi. A bar su. Ganyen yoɗo, wanda wasu suke kira karkashi, ya fi su nesa. A jiƙa shi cikin ruwa har ya yi yauƙi, a tace, a wanke kai da shi. Yauƙin yana sa mataji ya wuce ba gardama. Dakakken ganyen magarya shi ma yana kumfa, yana fitar da dauɗa ba tare da ya ƙona gashi ba. In da sabulu za a yi, a sami mai sauƙi, a ɗauraye sosai.

Ranar tsifa ita ce ranar da aka fi yin ɓarna. Kada a tsefe kai a bushe. A yayyafa ruwa, a shafa mai, a warware da yatsu tukuna. Mataji ya zama mai manyan haƙora. A fara tajewa daga baki, ana hawa zuwa gindi. Wani gashin dole ya fito, domin kowace rana mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100, kuma kitso ne ya riƙe su. Mai tsawo da ɗan farin kai a gindi, wannan ya faɗi don kansa. Guntaye su ne alamar karyewa.

Kowane kitso da irin kularsa

Kitso da kitson zare ba su bukatar wuta. Nan suka fi ƙarfen da ake zafafawa ana miƙar da gashi, suka kuma fi man miƙar da gashi mai soda a ciki, wanda yake iya ƙona fatar kai. Amma su ma suna da sharaɗi.

Manyan kitso, irin su shuku da zane mai faɗi, suna da sauƙin jiƙawa, ruwa yana shiga har ciki. Ƙananan kitso suna daɗewa, shi ya sa ake son su lokacin biki da salla, amma suna jan fata. Kitson zare yana rufe gashi ruf, iska ba ta samunsa. Ruwa ma ba ya samunsa. Saboda haka a jiƙa gashi a shafe shi da mai kafin a naɗa zaren, kada kuma ya wuce mako 2. Kitson da aka ƙara wa gashin roba yana da nauyi, roba kuma tana goge gashin gaske. Kada ya wuce mako 6 a kai.

Akwai masu cewa kitson da bai yi zafi ba bai kamu ba. Wannan magana ta cinye gashin goshin mata da yawa. Idan an tashi daga gaban makitsiya fata ta ɗame, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin goshi, ko barci ya gagara, to kitson ya yi tsauri. A sassauta shi a ranar, ko da an biya kuɗi. Saiwar da aka yi shekaru ana ja tana mutuwa. In ta mutu, babu man da zai tsirar da ita. Ƴan mata ƙanana sun fi shiga wannan haɗari, domin fatarsu ba ta yi ƙwari ba, kuma in sun yi kuka sai a ce su yi shiru.

Kallabi yana tare ƙura a hanyar rijiya, a gona, da wurin sussuka. Amma kada a ɗaura shi a kan jiƙaƙƙen kai. A bari ya sha iska tukuna. Da dare, kallabi mai santsi ya fi na auduga, domin auduga tana shanye mai da laima.

Abin da mai ba ya magani

Idan gashin yaro ya koma ja-ja, ya yi laushi, yana tsigewa da an taɓa, wannan ba aikin hunturu ba ne. Yana iya zama tamowa. A kai shi gidan likita a auna shi, a kuma ƙara masa wake, gyaɗa, nono, ƙwai da zogale a abinci. Idan an ga wani wuri a kan yaro ya yi fili, zagaye kamar kwabo, da farin gari a kai, makero ne. Yana yaɗuwa ta mataji, aska da hula. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi. Likita yana ba da ƙwayoyin sha na makonni, kuma sai an shanye su duka.

Mai jego takan ga gashinta yana zuba wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Wannan yana tsayawa don kansa. In ya haɗu da jiri da kasala, a je a duba jini.

Ƙwarƙwata kuwa, kada a kuskura a zuba mata kananzir ko maganin ƙwarin gona. Kananzir yana kama wuta kusa da murhu, maganin ƙwari kuma yana shiga jiki ta fata. A shafa mai, a taje da mataji mai ƙananan haƙora duk bayan kwana 3 har mako 2, a wanke kallabi da abin shimfiɗa a shanya su a rana.