Gasar Besbol ta Baƙaƙen Amurka da Kuɗin Jirgi Ya Kashe a 1887

Ranar 6 ga Mayu, 1887, an yi jerin gwano a titunan Pittsburgh ta Amurka, 'yan badujala na busa, jama'a na biye har filin wasa na Recreation Park. Mutum wajen 1,200 suka shiga kallo. Ƙungiyar garin, Keystones, ta karɓi baƙuncin Gorhams ta New York, baƙin kuma suka doke ta da ci 11 da 8. Duk 'yan wasan da ke filin baƙaƙen fata ne, gasar ma tasu ce, sunanta National Colored Base Ball League. Watan bai ƙare ba sai da ta zama tarihi.

Ga wanda bai taɓa ganin besbol ba, wasa ne na mutum tara-tara. Ɗan wasa yana jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, na ɗaya ɓangaren ya make ta da sanda ya ruga, idan ya zagaye kusurwoyi huɗu ya dawo inda ya tashi an ci ɗaya. Gasannin kuwa hawa-hawa ne, akwai manya, akwai ƙanana da ke ƙarƙashinsu. Tun 1883 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin gasanni cewa wata ƙungiya ba za ta yi wa wata ƙwacen ɗan wasan da ke da kwantiragi ba. Gasar baƙaƙen ta samu shiga wannan yarjejeniya a matsayin ƙaramar gasa. A ganina manyan ba su yi wata asara ba da suka amince, domin dama ba su da niyyar ɗaukar waɗannan 'yan wasa. Kyauta ce irin ta wanda ya ba ka abin da ba ya so.

Wanda ya kafa gasar shi ne Walter S. Brown, ɗan jarida a Pittsburgh. Shekara 22 kacal da soke bauta a Amurka, wasu baƙaƙe ƙalilan suna wasa a ƙungiyoyin farare, kamar Moses Fleetwood Walker da ya buga wa Toledo a babbar gasa a 1884, amma kowa yana ganin ƙofar tana rufewa a hankali. Brown ya tara garuruwa takwas a takarda. Shida ne suka fito fili: Pittsburgh, New York, Philadelphia, Baltimore, Boston da Louisville. Washington da Cincinnati ko wasa ɗaya ba su buga ba. Cuban Giants kuma, wadda ita ce ta fi kowace ƙungiyar baƙaƙe suna da jan 'yan kallo a lokacin, ta ƙi shiga. Tun daga nan aka rasa gishirin miyar.

Abin da ya karya gasar bai da alaƙa da iya wasa. A watan Fabrairun wannan shekarar majalisar Amurka ta yi dokar daidaita harkar jiragen ƙasa tsakanin jihohi, wadda ta hana kamfanoni fifita wani a kan wani wajen farashi. Manoma da ƙananan 'yan kasuwa da kamfanonin suka daɗe suna tatsa su ne suka yi ta kukan a yi ta. To amma da ta fara aiki a Afrilu, sai kamfanonin suka janye rangwamen da suke yi wa ayari irin na 'yan wasa. Lissafin da ƙungiyoyin suka yi da sanyi ya rushe wata ɗaya kafin a fara. Ƙungiyar farare mai attajiri a bayanta tana iya haɗiye wannan ƙari. Ƙungiyar da abin da aka tara a bakin ƙofa yau shi ne kuɗin jirgin gobe, ina za ta iya? Masu kallonta ma yawancinsu leburori ne da ma'aikatan otal, waɗanda ba su da sukunin barin aiki da rana tsaka don kallon wasa.

Babu wanda ya ɗanɗana kuɗarsa kamar Resolutes ta Boston. Aka tsara mata ta fara da Louisville, gari mafi nisa da ita a duk gasar, fiye da kilomita 1,300. Suka je, suka buga, kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, aljihu ya bushe a garin mutane. Ka duba halin: samari da jakunkunan kayan wasa, ga jadawali na jiran su a wasu garuruwa, babu na tikiti. Sai suka kama sana'ar hannu, ciki har da aski, suna tara na jirgi daga gari zuwa gari har suka isa gida. Ƙungiya ɗaya ta maƙale, jadawalin sauran ya wargaje, aka shiga soke wasanni. Mako biyu da 'yan kwanaki da buɗewa, magana ta ƙare.

Lokacin da gasar ta faɗi shi ne abin takaicin. Ranar 14 ga Yuli ta shekarar, masu ƙungiyoyin International League, ƙaramar gasar da gwanaye irin su Frank Grant da George Stovey ke haskakawa a ciki, suka kaɗa ƙuri'ar daina amincewa da sabon kwantiragi da baƙar fata. Rumfar da za a fake a ciki ta riga ta zube kafin hadarin ya iso. Sai a 1920 Rube Foster ya kafa gasar baƙaƙe da ta zauna da gindinta, sai kuma 1947 Jackie Robinson ya shiga babbar gasa da Brooklyn Dodgers.

A cikin 'yan wasan Keystones na 1887 akwai wani saurayi ɗan shekara 18, Sol White. Ya ci gaba da wasa da jagorantar ƙungiyoyi, a 1907 kuma ya wallafa littafi kan tarihin besbol na baƙaƙe, wanda har yau masu bincike ke komawa gare shi. Ya rasu a 1955. An saka sunansa a zauren karrama gwanayen besbol da ke Cooperstown a 2006, shekara 51 bayan rasuwarsa.