Yadda Wasa da Jariri Ya Zama Jari a Tsibirin Jamaika

A shekarar 1986 da ta 1987, a birnin Kingiston na tsibirin Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka bi unguwannin talakawa gida gida suna awon yara. Suka tsamo yara 129 waɗanda ƙarancin abinci ya tsumburar da su, daga ɗan wata 9 zuwa ɗan wata 24. Nufinsu su gane ko akwai dabarar da za ta sa hankalin tsumburarren yaro ya cim ma na tsararsa.

Aka kasa yaran kashi huɗu da ƙuri'a, don kada a yi son kai. Kashi na farko aka riƙa ba su garin madara kilo ɗaya kowane mako. Na biyu aka riƙa kai musu ziyarar wasa. Na uku aka haɗa musu duka biyun. Na huɗu kuwa ba madara, ba wasa, sai kula da lafiya, wadda aka yi wa kowa.

Ga yadda ziyarar take. Kowane mako ma'aikaciyar lafiya ta unguwa takan zo gidan, ta zauna da uwa da ɗanta kamar sa'a guda. Ta nuna wa uwar yadda za ta riƙa yi wa yaron magana, ta faɗa masa sunan abin da ya taɓa, ta yabe shi in ya yi daidai. Kayan wasan da tarkacen gida ake yin su. Akan bar su a gidan, mako na zagayowa a sake waɗansu. Maƙasudin shi ne uwa ta iya, ta ci gaba da kanta bayan baƙuwa ta tafi. Haka aka yi har shekara biyu.

Da aka jarraba yaran, aka tarar madara ta yi amfani, wasa ya yi amfani, waɗanda suka sami duka biyun kuma su ne a gaba. Amma da shekaru suka tura aka sake neman su, sai ga shi fifikon masu madara ya gushe, na masu wasa yana nan. Da suka kai kamar shekara 22 aka ƙididdige abin da suke samu wajen aiki, tare da masanin tattalin arziki James Heckman na Amurka, aka bayyana a 2014. Masu wasa sun ɗara sauran da kashi 25 cikin 100, watau inda wancan ya sami 100, wannan ya sami 125. Har sun kamo tsararsu waɗanda ba su tsumbure ba.

Dalili kuwa, ƙwaƙwalwar ɗan Adam a shekarun farko ta fi saurin ginuwa. Yaron da yunwa ta taɓa yakan yi lakwas, ba ya ƙiriniya, ba ya gwalantu, sai manya su ƙyale shi, su ce yaron kirki ne. Ta haka rashi biyu ke haɗuwa masa, na abinci da na magana. Wannan ba ya nuna abinci banza ne, gama jiki ba ya girma da hira. Yaran da aka gwada kuma ba su da yawa, shi ya sa aka sake gwada dabarar a Bangaladash da Indiya da Kolombiya.

To, jama'a, malami ya san ba duk yaran da aka kawo masa ke kama harafi da sauri ɗaya ba, ɗan kasuwa kuma ya san jarin da aka sa da wuri shi ke daɗewa yana haihuwa. Yaro tun kafin ya riƙe allo ya fara karatu a cinyar uwarsa. Maigidan da ya dawo daga rumfa, in ya ɗauki jaririnsa ya yi masa magana, ya kuma rage wa uwar aiki don ta sami sukunin yin haka, bai ɓata lokaci ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.